Jinin Lailatu a Tiya Biyu

Shekara talatin na yi ina awon gujiya daga Tasawa har Maijirgi. Abin da na koya guda ne: ba na yarda da tiyar mutum ɗaya. In an auna mani a nan, sai na sake aunawa a can.

Matata Lailatu ta yi ɓari sau biyu. Da ta ga ɓatan wata karo na uku, muka tafi likita a Tasawa. Ungozomar, Madam Zahra'u, ta sa aka ɗebi jininta. Ta ce akwai wani sinadari da ciki ke zubawa cikin jini. Yau za a auna yawansa, jibi a sake. In ya kusa ninkawa, cikin na tafiya daidai.

"Baba, jibi ku dawo nan," in ji ta.

Na ce to. A raina kuwa na ce, yarinya, ni za ki koya wa awo? Jibin na zuba esanshi a moto, na ɗauki Lailatu sai Mayahi, wurin wasu masu awon jini daban, wai in kama masu ha'inci.

Lambar Mayahi da ƙyar ta ɗara ta Tasawa. Lailatu ta iya lamba. Ta duba takarda, ta zauna gindin itacen bedi, ta rufe fuska.

"Malam, wannan ma tafiya zai yi."

Da muka koma Tasawa, Madam Zahra'u ta jera takardun biyu, ta daɗe tana kallona.

"Baba, wa ya aike ka Mayahi? Injinsu daban, namu daban. Yaya zan gwama su?"

"Ai bincike na yi."

"Sannu da bincike. Ka sa baiwar Allah kuka, ka kuma jijjiga ta a hanya."

Aka sake ɗiban jini a nan Tasawa. Lailatu ta ce in tsaya waje tare da moto, tunda shi ne abokin shawarata. Na tsaya. Rana ta gasa ni.

Bayan azahar ta fito da takarda a ƙulle cikin gefen zane.

"Yaya?" na ce.

"Sinadarin ya hau, har ya wuce yadda Madam Zahra'u take so. Cikin yana nan."

Na miƙa hannu in gani.

"A'a, Malam. Kai dai tuƙa, kuma sannu-sannu."