Faifan Malam Tsaf

Yaya ta shigo shagona rungume da kwamfutar marigayi mijinta, ta ajiye a kan tebur a hankali, ta ce, "Auta, ta ƙi tashi."

Ni mai gyaran kwamfuta ne, shekara tara ina sana'ar, amma wannan kwamfutar ko ganinta ba na son yi. Wata huɗu da suka wuce Yaya ta kawo mini ita in share mata ƙurar fanka. Ni da shegen shan shayi a kan aiki, gwiwar hannuna ta ture kofi, shayin ya zube a kan kwamfutar, allon cikinta, wanda muke kira bod, ya ƙone ƙurmus. Ban faɗa mata ba. Na samo bod ɗin wata mai kama da ita na dasa, na ɗaure murfi, na miƙa mata har da cewa, "Ta koma sabuwa." Kunya ba ta kashe ni ba ranar.

Yanzu ga shi ta zaro ambulan daga jaka. Faifan da ya zo tare da kwamfutar ne, mai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A bayan ambulan ɗin ga rubutun mijinta, mutumin da muke wa laƙabi da Malam Tsaf, don ko batirin rimot sai ya rubuta masa kwanan wata: "Na wannan injin ne kaɗai."

Na ce, "Yaya, bar faifan nan, ina da wata hanya."

"A'a. Nasa nake so. Shi ya ce in ta rikice a sa shi."

Na sa ba da son raina ba, don na san halin faifan. Kafin ya taɓa komai sai ya tambayi bod lambarsa. In ta yi daidai da wadda aka rubuta masa, ya ci gaba. In ba ta yi ba, ko za ka kwana roƙo ba zai motsa ba. Ya yi ƙugi, ya yi ƙugi, sai rubutu ya fito.

"Me ya ce?"

"Wai... wai ba injinsa ba ne."

Yaya ta kalli rubutun bayan ambulan ɗin. Sai ta yi wata 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. "Allah sarki. Ashe shi ma yana kuskure. Ka san a watannin ƙarshe ciwon ya fara taɓa masa tunani, ni ce na ƙi yarda. Yara suna faɗa ina yi musu faɗa."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ga hanya ta buɗe mini, in yi shiru mamaci ya ɗauki laifina, kuma har na fara gyaɗa kai. Tir da ni.

Ta ɗauki birona daga kan tebur, ta cire murfin. "Bari in soke rubutun, kada yara su ruɗe nan gaba."

Bakin biron ya taɓa takardar, na riƙe mata hannu.

"Yaya, kada ki soke. Hankalinsa ƙalau yake, daidai ya rubuta. Zauna in gaya miki abin da na yi."