Zoben Gefen Ƙofa

Mai Walda ya yi ha'inci, kuma da gangan ya yi shi, da hannunsa, da rana tsaka. Makaranta ta ba shi gyaran zobban ƙwallon kwando guda biyu da tsatsa ta ci. Na gefen famfo ya gyara shi daidai. Na gefen ƙofa kuwa sai ya yanke masa ɗan yanki, ya matse bakinsa da kamar faɗin yatsu biyu, ya liƙe, ya goge, ya shafe da jan fenti. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gan shi.

Dalilinsa Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta fi kowa gajarta a ƙungiyar 'yan matan ƙaramar sakandare. Bana za ta gama, kuma tun da ta shiga ƙungiyar ba su taɓa cin wasa ba. Duk ranar wasa sai ta dawo gida ta jefar da takalma a tsakar gida, ta ƙi abinci. Shi kuwa duk sanda ya leƙa atisayensu, a gefen famfo yake ganin suna jifa. Sai ya yanke hukunci a ransa ba tare da ya tambayi kowa ba: wancan kwandon nasu ne, na ƙofa na baƙi.

Ranar wasan ya samu wuri a benci kusa da maƙwabcinsa Direba, uban Doguwa, wadda ke tsaya wa ƙungiyar a ƙarƙashin kwando.

"Yau an rufe shago da wuri," in ji Direba. "Ko wuta suka ɗauke?"

"Wasa na zo kallo."

"Kai da ba ka san bambancin kwando da bokiti ba?"

"Ni na ɗaura su. Kai me ka ɗaura?"

"Ni na kawo Doguwa. Dube ta can, ko tsani ba ta bukata."

Aka hura usur. Baƙin dogaye ne, sanye da kore, da ganinsu sun saba ci. Amma duk ƙwallon da suka jefa sai ta bugi ƙarfe ta dawo. Wata ta lasi zoben ta zagaya ta faɗo waje. Kocinsu ya yi ta kaiwa da komowa yana dafe kai. A can gefen famfo kuwa Doguwa na zurawa, Auta na zurawa, 'yan aji suna dukan tebur da suka jawo waje. Da aka tafi hutun rabin lokaci 'yan gida na gaba da rata mai kyau. Auta ta ɗago wa ubanta hannu daga nesa, shi ma ya ɗaga, har da gyara zama.

Aka dawo. Sai ya ga 'yarsa ta juya wa famfo baya, ta fuskanci ƙofa.

"Ina za su kuma?"

"Canjin gefe," in ji Direba.

"Wane irin canji?"

"Haba maƙwabci. Ai bayan hutu juyawa ake yi, na can su dawo nan."

"Kullum?"

"Tun da aka ƙirƙiro wasan. Lafiya kake gumi haka?"

Mai Walda ya ji bencin ya yi masa zafi kamar ƙarfen da aka cire daga wuta.

Baƙi suka samu kwandon gaskiya, suka shiga zuba ƙwallo kamar masu biyan bashin fushi. Doguwa ta ɗaga daga kusa, ƙarfe ya mayar mata. Ta sake, ya sake. Direba ya miƙe tsaye.

"Ke, idonki a ina yake? Ko makaho ai ya ci wannan."

"Zauna, ka bar yarinya," in ji Mai Walda, muryarsa can ƙasa.

Ratar ta narke. Baƙi suka kamo su, suka wuce. Auta ma ta jefa sau biyu, duka ƙarfe ya ƙi. Bayan ta biyun ba ta ruga baya ba kamar sauran. Ta tsaya ta ɗaga kai ta kalli zoben, irin kallon da uwarta ke yi wa yadi idan tela ya rage. Sannan ta koma.

Da ƙwallo ta sake zuwa hannunta, sai ta yi abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Ta durƙusa kaɗan, ta cilla ta sama sosai, sama da allon kwandon, har mutane suka ɗaga haɓa suna binta da ido. Ƙwallon ta tsaya a iska kamar tana shawara, sannan ta sauko a miƙe, ta ratsa zoben ba ta taɓa ƙarfe ba. Raga kaɗai ta motsa.

Filin ya ɗauki sowa. Mai Walda bai iya ba. Shi kaɗai a wurin ya san abin da ya faru. Shi ya auna bakin zoben nan, ya san abin da ya rage tsakanin ƙwallo da ƙarfe ba shi da yawa. Da mita da alli da guduma, a kan teburin shago, shi kansa sai ya yi a hankali kafin ya daidaita abu haka. Ita kuwa ta yi shi a guje, da wata ƙatuwa a gabanta tana kare mata fuska.

Ta sake yi. Ta kuma yi daga can kusurwa. Aka daina dukan tebur. Kocin baƙi ya sauke hannu daga kai ya tsaya kallo, ya manta da nasa yaran. Har mai sayar da ruwa ya ajiye bokitinsa.

"Wannan 'yarka ce kuwa?" in ji Direba a hankali. "A ina ta samo hannun nan?"

"Ba a wurina ba," in ji Mai Walda. Yarinyar da ya ɗauka sai an taimaka mata da ƙarya, ga ta tana cin ƙaryar tasa da gaskiyar hannunta.

Lokaci ya zo ƙarshe, saura maki ɗaya 'yan gida su kamo baƙi. Baƙi suka sa mutum biyu a kan Auta. Ta yi abin da ya kamata, ta miƙa wa Doguwa da ke tsaye ita kaɗai a ƙarƙashin kwando. Doguwa ta ɗora ƙwallon a bakin zobe a hankali, jifan da ko a mafarki ba ta kuskurewa. Ƙwallon ta zagaya, ta leƙa ciki, ta mirgino waje. Usur ya tashi.

Doguwa ta zauna a ƙasa tana kuka. Auta ba ta yi kuka ba. Ta je ta yi wa alƙalin wasa magana tana nuna sama. Aka kawo tebur da mita, ya hau ya auna na ƙofa, ya je ya auna na famfo, ya sauko ya nufi shugabar makaranta. Ba a yi doguwar tambaya ba, mai walda ɗaya makarantar take da shi. Direba ya matsa zuwa ƙarshen benci.

Auta ta zo ta tsaya a gaban ubanta, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Baba, kuskure ne?"

Ya kawar da kai.

"Da ka bar mu," in ji ta. "Yau da mun ci."

Alƙali ya ce sakamako na nan yadda yake, tunda kowace ƙungiya ta sha rabinta a zoben. Shugabar makaranta ta sa Mai Walda ya hau tsani ya yanke zoben a gaban yara da iyayensu, ta karɓe aikin makaranta daga hannunsa, ta hana shi shiga filin. Sauran wasannin Auta daga bayan katanga ya ji su.