Motar Gajere Ta Yi Tsayi

Ƙarar ba ta yi kama da ta ƙofa ba, ba kuma kukan kyanwa ba ce. Wani siririn nishi ne na ƙarfe, ya yi ya tsaya, can ya sake. Gajere ya buɗe ido cikin duhu, ya laluba gefen gado, ya ji babu matarsa, wurin kwanciyarta ma har ya huce.

Ya leƙa ta taga. A tsakar gida tsohuwar a-kori-kurarsa na tsaye a kan sababbin ƙafafunta, zaƙaƙa, kamar zalɓe a bakin tafki. Ƙofar gefen fasinja a buɗe take. Matarsa ta jawo 'yar kujerar da take wanke-wanke a kai, ta taka ta, ta kama bakin ƙofar da hannu biyu tana jan jikinta sama. Duk jan da ta yi, sai sabon sifirin ya yi nishin nan. Gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa. Ta sauka ta huta, ta sake, ta sake. Daga ƙarshe ta tura ƙofar a hankali don kada a ji, ta mai da kujerar mazauninta.

Gajere ya koma ya kwanta, ya juya fuska bango. Da ta shigo tana ɗingishi, ya ja numfashi irin na mai barci.

Ita ce dalilin ɗaga motar. Suna da wani ɗan lambu a bayan gari, inda ta shuka gwaba da lemo da hannunta tun yara na ƙanana. Ruwa ya cinye hanyar wurin, ita kuma motar tsufa ya kwantar mata da sifirin, har cikinta yana kartar ƙasa. Zuwansu na ƙarshe a can suka baro salansa. Tun daga nan ba su koma ba. Sai ga wasu sun saye filayen yankin gaba ɗaya za su yi gini, babban ɗansu ya sa hannu, aka ba su ranar da za a sare itatuwa. Ran nan tana ninke kaya ta ce, "Da dai na ƙara ganinsu kafin a sare." Sau ɗaya ta faɗa.

A gareji, bakaniken da ake kira Sifana ya shimfiɗa masa kaya iri biyu a ƙasa. Na farko bulo ne na ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin tsohon sifirin, ya ɗaga mota kamar yatsa uku. Na biyu sabon sifirin ne mai kauri da dogon shokazoba, wanda zai haura da ita fiye da taƙi ɗaya.

"Ƙaramin ya ishe ka, Baba," in ji Sifana. "Babban na masu shiga daji ne."

Amma Gajere mutum ne da tun tasowarsa, in aka taru kallon wani abu, ƙeyar mutane kawai yake gani. Ya daɗe yana shafa dogon shokazoban nan. Ya je ya auna ƙofar gidansa da igiya, ya kwatanta zurfin ramukan hanya da sanda, ya auna tayoyi. Duk abin da ƙarfe zai taɓa ya auna. Ranar da ya tuƙo ta daga gareji, ya hango abubuwan da ya shekara yana wucewa bai san da su ba: tsohon firji a kan rufin wani gida, tattabaru sun yi sheƙa a ciki, wani mai gadi da ke kiwon zomaye a bayan katanga. Har ya iso gida yana murmushi shi kaɗai.

Yanzu gari ya waye, gobe da sassafe za a fara sara.

Matarsa ta kawo masa shayi tana dafa bango. Ba ta ce komai a kan dare ba, shi ma bai ce ba.

"Malam, yau ce fa ta rage."

"Na sani. Bari in je gareji a ɗaure mini wani noti, yanzu zan dawo."

Ya tarar da Sifana a ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Wa nake ji kamar mai raƙumi?" ya faɗa daga ciki. "Baba Gajere, yaya sama? Akwai sanyi?"

"Fito. Sauke ta za ka yi."

Sifana ya turo kansa waje, ya goge hannu a wando. "Sauke wa?"

"Mai da ita yadda take. Yau."

"Baba, tsohon sifirin ai kai ka ce in ba masu gwangwan. Yanzu haka yana wurin maƙera, an yi adda da shi. Mariƙinsa mun yanke mun yi waldar sabo. Tiyon birki mun canza, farfela mun ƙara mata tsawo. Ko yau na samo kayan, aikin kwana da kwanaki ne." Ya dubi fuskar tsohon, sai ya rage murya. "Me ya faru? Tana ja gefe ne?"

"Ba ta ja ko'ina. Uwar yara ce ba ta iya hawa."

Sifana ya nufi motar. Ya zagaya ya buɗe ƙofar, ya ɗaga ƙafarsa ya gwada, shi ma sai da ya kama sitiyari.

"Na ce maka ƙaramin."

"Ka ce."

"In mun sace iskar taya, yatsa biyu za ta sauka, ba abin da zai yi. Sai dai mataki. Mu je wurin mai walda."

Mai walda yana nan, wuta ce babu. Aka ce yanzu za a kawo. Gajere ya zauna a kan tsohuwar taya. A rumfar akwai wani kunkuru da mai walda ke kiwo, an ɗiga masa farin fenti a baya don kada mota ta taka shi. Gajere ya zuba masa ido yana ratsa rumfar daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya iso bakin wani guntun katako, ya tsaya, ya miƙa wuya, ya daɗe yana shawara, sannan ya kewaye. Kafin a kawo wuta inuwar rumfar ta koma ɗaya gefen.

Matakin ya yi kyau, hawa biyu, da ƙarfe mai ƙaya-ƙaya don kada ƙafa ta zame. Gajere ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, sannan ya kama hanyar gida da sauri.

Ya same ta ta shirya. Ta ɗaura zanin da take ajiyewa don unguwa, ga kwando a gefenta. Babban ɗan nasu ma ya zo, yana tsaye da waya a hannu.

"Ga matattakala an yi miki, ranki ya daɗe," in ji Gajere. "Saura jan kafet."

"Kai da iyayi," ta ce, amma ta yi dariya.

Ta miƙe, ɗan ya riƙe ta. Ta ɗora ƙafar dama a hawa na farko. Da nauyinta ya koma kan ta hagu, sai ta ja iska ta haƙori, ta damƙe kafaɗar ɗan, jikinta ya saki. Suka zaunar da ita a kan dakali. Ɗan ya ɗan ɗage bakin zanin. Gwiwar ta kumbura tim, fatar har tana sheƙi.

"Inna, jiya ba haka take ba. Faɗuwa kika yi?"

"Tsufa ne."

"Tsufa a dare ɗaya?"

"In ka kai za ka gani."

Gajere ya sunkuya yana duba waldar matakin, ko da yake babu abin dubawa.

"To bari in ɗauke ki in sa ki," in ji ɗan.

"Ni na goya ka, ba za ka sungume ni kamar buhu ba. Kuma ko ka sa ni, ƙafar nan ba za ta naɗu a ciki ba, balle girgizar hanyar nan." Ta miƙa wa mijinta kwandon. "Je ka kai kaɗai. Rana na tafiya. Ka duba mini gwabar bakin rijiya, ita ce mai jan ciki."

Ya fita gari da kwando a kujerar gefe. Da ya kusa mararrabar da kwalta ke ƙarewa, ya sauya giya, ya gyara zama, ya riƙe sitiyari da kyau yana jiran ramin farko.

Babu rami. Hanyar a baje take sumul, an zuba tsakuwa an daddanne, ga sawun katafila a gefe. Ya rage gudu yana dube-dube, ko ya yi ɓatan kai ne. Wata 'yar ƙaramar tasi, wadda cikinta bai fi tafin hannu daga ƙasa ba, ta yi masa ham ta wuce, fasinjojin suna ɗaga kai suna kallonsa.

A bakin filin wani mai gadi ya taso daga inuwa.

"Yaushe aka gyara hanyar nan?" Gajere ya tambaya.

"An kwana biyu. Don manyan motocin da za su kawo kaya." Ya ja da baya yana ƙare wa motar kallo. "Kai, Baba, wannan ai ko kogi sai ta ratsa."

Itatuwan suna nan, kowace an shafa mata jan fenti a gindi. Ciyawa ta rufe bakin rijiyar. 'Ya'yan da ke ƙasa-ƙasa duk an tsinke, sai can ƙololuwa gwabar ta nuna. Ya matso da motar gindin bishiyar, ya hau bayanta, sai ga shi kansa cikin ganye. Tun da aka shuka ta bai taɓa kaiwa rassan nan ba. Da can matarsa ke kaɗowa da gora shi yana tsincewa. Ya cika kwandon. Bayan ya cika bai sauka ba, ya tsaya a wurin yana kallon kan itatuwan har rana ta yi ja.

Ya iso gida ana kunna fitilu. An naɗa wa matarsa bandeji, ta miƙe ƙafar a kan tabarma a bakin ƙofa, ɗan yana zaune kusa da ita. Ta karɓi kwandon, ta zaɓi ɗaya, ta fasa da babban yatsa, ta duba cikin, ta sansana.

"Ita ce. Yaya hanyar? Kun wuce lafiya?"

"Mun wuce."

"Cikinta bai taɓa ƙasa ba?"

"Bai taɓa ba."

"To ka gani," ta ce. "Ɗagawar ta yi rana."

Gajere ya zauna a kan sabon matakin, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Maƙwabcinsu tela ya rufe shago zai shiga gida, sai ya ga ƙofa a buɗe ya yi sallama. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa taya da ɗan makulli, ya leƙa ƙarƙashi, ya yaba shokazoba. Aka miƙa masa gwaba ya gatsa.

"Ashe an je lambu," ya ce da baki cike. Ya juya wajen tabarma. "To, uwar gida, ke da kika hau, yaya duniya take daga can sama?"