Idon Hagun Baba Mai Ƙararrawa

"Ba ni makullin siton," in ji Malamar zane. "Ba roƙo na zo yi ba, ranka ya daɗe."

Hedimasta bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Na ce sai Litinin. Manyan baƙi ne za su yaye ƙyallen. Ki kai mini hoto lungu a dame shi da yatsu?"

"Mai hoton ba zai kai Litinin ba."

"Au, likita kika zama?"

Ta fito daga ofishinsa. Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Ƙararrawa yana kaɗa wa makarantar nan ƙarfe, ko ruwa ko rana. Da ƙafafunsa suka kumbura, aka sallame shi da takarda mai layi biyu. Katangarsu ɗaya da Malama, tana wanke-wanke tana jin tarinsa. Shi ya sa ta ɗauki hotonsa, ta ja masa layuka, ta yanka shi gida arba'in da takwas. Kowace ɗaliba ta karɓi guntu ɗaya ta faɗaɗa shi a kan kwali da fenti. Wata ta samu kunne, wata bakin hula, wata inuwa zalla. Watanni biyu suna fama. Da Hedimasta ya ga abin ya yi kyau, sai ya tuna shi ne shugaba, ya kulle kwalayen. Irin mutanen nan ba sa zuwa wurin gumi, sai wurin tafi.

Ɗalibanta na jiran ta a baranda.

"Malama," in ji wata doguwa, "tagar siton fa ba gilashi."

Da sandar tsintsiya suka riƙa jawo kwalayen ta tsakanin ƙarafan taga, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya suɓuce ya faɗa bayan kabad. Suka yi, suka yi, sanda ta ƙi kaiwa.

A ɗakin Baba suka kawar da kwanuka da buhun tsummokara, suka manna kwalayen a bangon da ke kallon gado. 'Yarsa ta tokare shi da filo. Ya daɗe yana kallo, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Wannan ƙaton hancin nawa ne?"

"Naka ne, Baba. Mu uku muka yi shi," in ji wata ɗaliba.

"Lallai kun sha aiki." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To ina idon hagu?"

Malama ta matso kusa da gadon. "Yana bayan kabad, Baba. Wani marar kunya ya hana makulli."

"Bar shi, 'yata. Idon nan ya shekara goma bai ga komai ba. Daidai kuka zana."

Ranar Asabar da hantsi ya cika.

Litinin da sassafe sai ga Hedimasta a gidan Baba da kwalin idon a hannu, ya yi gaisuwa a gurguje, ya ce a taimaka a ɓamɓaro kayan makaranta, baƙi sun kusa.

Malama ta matsa daga bakin ƙofa. "Shiga ka cire da hannunka."

Ya leƙa. Gado a gyare, takalman Baba a ƙasa, fuskar ta cika bango tana dubansa da ido ɗaya. Sai ya juya da kwalinsa.

Can daga makaranta aka kaɗa ƙararrawar shiga aji. Hasken taga ya sauka a kan gurbin da babu kwali, inda farar ƙasar bangon take a fili.