Gine-ginen Mu'allim Maharazu

A gidan su Mubina da ke Kurna babu mai shakkar cewa Maharazu ne ya gina rabin Makka. Kakarta Hajiya Kabira ce ta kafa maganar, don ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yana ɗan shekara tara mahaifinsu ya bi da shi ta Cadi da Sudan, ita aka bar ta a Kano wajen dangi. Tun daga nan duk alhajin da ya dawo sai ta tsare shi da tambayar ko ya ga ginin Maharazu, shi kuma don a bar shi ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali sai ya ce ya gani.

Da wannan labari Mubina ta girma, har ta shiga jami'a karatun zanen gine-gine. A shekarar ƙarshe ta gaya wa malaminta cewa a kan mashahurin maginin Makka za ta yi aikin kammalawa. Malamin ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ta tausaya masa. Da hutu ya zo ta bi ayarin Umara, bayan ta gama ibada ta sauka a unguwar Shisha, inda ta tarar da mashahurin magini yana haya a bene na biyu na gidan da wani ya gina.

Da ta faɗi buƙatarta a kan shayin safe, 'yarsa Jawahir ta yi dariya har ta ƙware. Jawahir haihuwar Makka ce, tana aiki a wani kantin magani, Hausarta rabi Larabci. Shi kuwa tsohon ko gezau. Ya shafa gemu, ya ce dama ya daɗe yana jiran ranar da masu ilimi za su waiwaye shi. Ya shiga ɗaki ya fito da farar jallabiya ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Jawahir ta ce wannan kallon ba zai wuce ta ba, ita za ta ja motar.

Suka fara da unguwar Misfala. Ya sa aka tsaya gaban wani otal mai hawa talatin da wani abu, Mubina ta fito da waya tana ɗaukar hoto, zuciyarta fal alfahari. Sai ya ce ba wannan ba. Ya ja ta zuwa filin da motocin alhazai ke juyawa, ya tsaya tsakiyar kwalta, ya ɗaga sandarsa sama yana nuna mata inda bene na uku yake a da, da tagar da ake hango hasumiyoyin Harami. Masauki ne mai hawa huɗu, in ji shi, shekara biyu yana gininsa. Wani direban bas ya danna masa ham, shi kuma ya tsaya yi wa direban bayanin cewa a cikin kicin ɗin mutane yake ƙoƙarin ajiye mota, har mai gadi ya zo ya kore su.

Gini na biyu bakin wata hanyar ƙarƙashin dutse ne yanzu. Na uku kuwa shi kansa ya kasa tuna ko a dama da titin yake ko a hagu, suka zagaya sau uku. Kafin hantsi Mubina na da hoton kwalta goma sha ɗaya da na wata kyanwa.

"Abin da na fi so da gine-ginen Abuya," in ji Jawahir, tana kallon madubi, "buldoza ce ke riga ruwan sama isa gare su. Shi ya sa har yau babu wanda ya rushe da kansa."

Tsohon ya ce wa Mubina kada ta saurari wadda ko bulo ba ta taɓa ɗagawa ba. Mubina ta ce, "Kaka, ni dai ka nuna mini ko da katanga ce wadda zan iya jingina da ita. Malamina ba ya ba da maki a kan iska."

Sai suka nufi Zahir, inda gida mai hawa uku ke tsaye da gaske, ko da yake an lulluɓe fuskarsa da gilashi. Mai gidan, Hatim, ɗan wanda aka gina wa ne, ya karɓe su da gahawa da dabino. Da ya ji abin da ya kawo su ya ce ai wani muhandis, wato injiniya, Bamisire ne ya zana gidan, takardar na nan da sa hannunsa. Maharazu ya ajiye finjali. Ya ce sau biyu Bamisiren ya taɓa taka wurin, kuma zanen da ya kawo duk banɗakunan alƙibla suke kallo. Shi ne ya ce ba da hannunsa za a yi wannan ba, ya karkatar da su ɗaya bayan ɗaya, har guda tara.

Hatim ya kalle shi sama da ƙasa. Sannan ya tashi ya ce su biyo shi. Ya buɗe ƙofar banɗakin baƙi, ƙofar ta tafi rabi ta bugi bango, don ɗakin a karkace yake kamar an yanka kankana. Sai mutum ya shiga da gefe, ya ɗaga gwiwa, kafin ƙofar ta rufu.

"Ashe kai ne," in ji Hatim. "Shekara talatin da biyar muna tsine wa Bamisire. Mahaifina har ya rasu bai yafe masa ba."

Maharazu ya ce gwiwa ta fi sauƙin jinya a kan zunubi. Ba a ƙara musu gahawa ba.

A mota Mubina ta rufe littafinta ta ce a koma gida. Tsohon ya ce saura guda ɗaya, amma wannan ba na nunawa ba ne, gidan wata tsohuwa ne kawai mai suna Mairama, kuma bakinta ba shi da linzami. Suka bar motar a gindin wani tsauni bayan Zahir suka hau matakala, Jawahir na ƙorafin takalminta.

Gidan Mairama ba shi da layi ɗaya miƙaƙƙe. Inda dutse ya lanƙwasa bango ya bi shi, wani ƙaton dutse ma a cikin falo yake, an shimfiɗa masa darduma ana zama a kai. Rana ta take a waje, amma da suka shiga Mubina ta duba ko'ina ba ta ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba, iska kawai ke shigowa ta wasu ƙananan tagogi can sama tana fita ta matakalar soro. Ƙofar gidan ta tsohon katako ce mai sassaƙa, tagogin kuma babu biyu masu kama da juna. Maharazu ya ce, a gajarce, lokacin da ake rushe tsofaffin gidaje kusa da Harami ya riƙa tsinto abin da aka zubar yana kawowa a bayan a-kori-kura, don mijin Mairama lebura ne, ba shi da abin sayen sabo. Mubina ta tambayi zanen. Ya ce a ƙasa ya zana da ƙusa, akuya ta bi ta kai.

Mairama, wadda ke tankaɗe garin ɗanwake ba ta ko tashi ba, ta ce ƙarya yake yi. Ita ta yi wata guda tana hawa tsaunin da tsumma a hannu tana duba inda iska ke bi, ita ta nuna masa gurbin kowace taga. Shi da a gefen rana zai huda su, kamar mai gina gidan burodi. Kuma rufin ɗakin baya yana yoyo tun ranar da ya sauka daga kai.

"A garin da ake ruwa sau biyu a shekara," in ji Maharazu.

"Sau biyun a kaina yake sauka," in ji ta.

Mubina ta ciro igiyar awo daga jaka ta ba Jawahir kai ɗaya ta riƙe. A wajen aunin bangon waje ne ta ga lamba da jan fenti kusa da ƙofa. Mairama ta ce ma'aikata ne suka rubuta watanni biyu da suka wuce, titi zai bi ta nan, duk unguwar za ta tashi.

Kwana huɗun da suka rage mata Mubina ta yi su a kan tsaunin, tana awo tana zane, tana cin ɗanwake, tsofaffin biyu na gardama a kanta. Babbar rigimar ita ce sunan da za a sa a ƙasan zanen. Mubina ta ce za ta sa duka biyu. Mairama ta ce nata ne a sama. Maharazu ya ce shi mu'allim ne, wato ubangidan magina, ba a sa mu'allim a ƙarƙashin mai tsumma. A ƙarshe aka jera su a layi ɗaya, ita ta karanta daga hagu, shi ya karanta daga dama irin na Larabci, kowa ya tafi da cewa shi ne na farko.

Wata bakwai bayan haka aka rushe gidan. Jawahir ce ta aiko da labarin ta waya. Mairama ta koma wurin ɗanta a bene na biyar a Shisha, amma ta ƙi tafiya sai da ƙofarta. Ƙofar ta ƙi shiga lif, maza huɗu suka hau da ita ta matakala, Maharazu na biye da sanda yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Babu mashigar da ta yi daidai da ita a gidan, don haka tana jingine a falo bayan talabijin, matar ɗan tana rataye mayafi a jiki. Mairama kuwa mura ta kama ta tun makon farko, ta sa an kashe mukayyif ɗin ɗakinta, ta aika a gaya wa Maharazu ya zo ya huda mata taga.