Zabin Tuyili

Shekarar da iska ta ɗauke rufin ajin ƙarshe na makarantarmu, shekarata tara ina koyarwa a Tuyili. Sunana Ziblim, ni ke koyar da kimiyya da aikin gona a ƙaramar sakandaren garin, yara da iyayensu duk Chicha suke ce mini, wato malam. Ruwan farko na watan Afrilu ne ya zo da iskar. Da gari ya waye muka tsinci kwanon rufin a gonar doyar wani mutum, ya nannaɗe kamar tabarma.

Shugabar makarantar, Madam Balchisu, ta rubuta wa ofishin ilimi takarda, ta sake rubutawa, daga baya ta hau babur ta je da kanta. Ta dawo da yamma ta ajiye jakarta a kan tebur.

"Sun ce muna cikin layi," in ji ta. "Layin kuwa, Chicha, na leƙa ban hango ƙarshensa ba. Mu nemi kuɗinmu da kanmu."

Babu abin da ba mu gwada ba. 'Yan mata suka riƙa biyawa ta daji da safe suna tsinto ƙwarar kaɗanya, muna tarawa muna sayar wa masu man kaɗe. Muka shirya wasan ƙwallo tsakanin malamai da iyaye, kowa ya biya sidi ɗaya ya shiga kallo. Afa Lansah, limamin garin, shi ya tsare wa iyaye raga da rigarsa har ƙasa, sau bakwai ƙwallo ta wuce shi yana cewa iska ce. An yi dariya har da masu hawaye, amma abin da aka samu bai wuce na ƙusa da katako kaɗan ba.

Napari ce ta kawo dabarar zabi. Tana aji biyu a lokacin, shekararta goma sha biyar, doguwa, mai saurin magana. Kakarta, Mma Sanatu, ita ta riƙe ta tun tana rarrafe, domin uwarta ta tafi Akara dakon kaya a kasuwa, can ciwo ya kama ta, can aka binne ta. Kowa a garin ya san wannan, ni ma na sani.

Ran nan ina koya musu yadda ƙwai ke ƙyanƙyashewa, sai ta ɗaga hannu.

"Chicha, mu nawa ne a makarantar nan?"

"Ɗari da ashirin da 'yan kai. Aikin ƙidaya aka ba ki?"

"In kowa ya kawo ƙwan zabuwa ɗaya fa? Iyayenmu kuɗi ne ba su da shi, amma babu uwar da za ta hana ɗanta ƙwai ɗaya. Mu aro kaji su kwanta a kai. Kafin Kirsimeti sun girma, 'yan kudu su zo su saye."

Wani daga bayan aji ya ce, "Ke za ki kwanta a kan ƙwan ke nan?"

"In kajin sun ƙi, kai za mu sa," in ji ta. "Tun da aka shigo aji a kwance kake."

Aji ya kaure da dariya. Ni kuwa na ajiye alli na tafi wurin Madam.

Cikin mako biyu ƙwai ya taru a kwanduna. Iyaye mata suka aro mana kaji tara masu kwanci. Muka gina akurki da laka a bayan ofis, muka kewaye shi da zana. Bayan wata guda 'yan tsaki suka fara fitowa, Madam ta tara makaranta ta ce daga yau Napari ce uwar zabi, kowa ya bi umarninta.

Ta kuwa riƙe aikin. Ita ta raba ajujuwa: wannan ya kawo ruwa, wancan ya share, wancan ya binne tukwane da kashin shanu da karan masara a bakin suri don a samu gara a ba 'yan tsakin. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa tana wurin. Da aka yi ruwan kwana uku a watan Agusta, a zaninta ta kwashe masu rauni ta kai ɗakin kakarta kusa da murhu. Mma Sanatu ta tare ni a kasuwa tana mita.

"Ɗana, wannan karatu ne ko kiwo? Ɗakina ya koma akurki, ko barcin rana ba na samu."

"Ki yi haƙuri, Mma. In an sayar, naki kason daban."

"Kai dai ka sa ta ci jarrabawa. Kason da nake so ke nan."

Wajen jarrabawa ban taɓa shakkarta ba. A shekaru taran nan ban koyar da wanda ya kai ta ba. Na riga na ce mata babbar sakandaren 'yan mata ta Tamale za mu nema mata, har na fara ba ta tsofaffin takardun jarrabawa tana yi a gida.

Zuwa Nuwamba zabi tamanin da wani abu suka rayu, sun yi ƙiba, kukansu har bakin hanya. Wani mai gashin nama daga Tamale ya zo ya gani ya ce a ajiye masa duka. Kafinta ya zo ya auna ajin. Na riƙa yawo a garin kamar ni na saka ƙwan, har malaman wasu makarantu suna zuwa tambayata yadda muka yi.

A makon nan ne shaho ya ɗauke ɗaya. Washegari Napari ta zo da zabuwa a hammata.

"Ta gida ce, Chicha. Mma ta ce a cike gurbin."

Na yi mata godiya, da hannuna na buɗe ƙofar akurkin ta saka ta.

Kwana huɗu bayan haka muka tarar da uku a kwance, wuya a murɗe, fukafukai a sake. Washegari goma sha ɗaya. Muka ba su ruwan sassaƙen maɗaci, muka ba su maganin kanti, muka ware masu lafiya, duk a banza. Kafin mako ya zagayo yara na haƙa rami a bayan makaranta suna zubawa. Biyar suka rage.

Ran Litinin a wurin taron safe, Madam ba ta nan, ta tafi neman malamin dabbobi. Ni na tsaya gaban yara. Ban yi niyyar faɗin abin da na faɗa ba, amma na kwana biyu ba na cin abinci, kuma da safen nan mai gashin naman ya bugo waya ya yi mini dariya. Na hango Napari a layin 'yan aji uku, idonta ya kumbura.

"Ke, fito nan."

Ta fito.

"Wa ya ce ki kawo mana mushe daga gidanku? Wahalar mutum ɗari da ashirin, wata bakwai, kin zuba ta a rami. Tun da aka ce ke ce uwar zabi kanki ya kumbura, ba kya tambayar kowa."

"Chicha, ai kai ka buɗe..."

"Rufe mini baki! Laifina ne da na ɗauka za ki zama wani abu. Irinku dama kaya a ka ya dace da ku, ba littafi ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta ɗan rusuna kamar yadda yara ke yi in an sallame su, ta koma layi. Ta zauna a aji har aka tashi. Washegari ba ta zo ba.

Malamin dabbobin ya zo ran Laraba. Ya duba biyar ɗin da suka rage ya girgiza kai.

"Annoba ce, Chicha. Ƙauye shida na zagaya, ko'ina haka. A takalmin mutum ma tana tafiya. Wa ya shigo akurkin nan daga waje kwanan nan?"

Na tuna mai gashin naman, da malaman da na riƙa shigarwa ina nuna musu.

"Zabuwar da yarinyar ta kawo fa?" in ji Madam.

Ya ce a nuna masa ita. Muka duba. Tana cikin biyar ɗin, tana tonon ƙasa, lafiyarta lau.

Ban jira an tashi ba, na nufi gidan Mma Sanatu. Na same ta tana sussukar dawa a tsakar gida. Na gaishe ta sau biyu kafin ta amsa.

"Ta bi motar doya jiya da safe," in ji ta. "Kumasi."

"Mma, me ya sa ba ki hana ta ba?"

"Da wane baki? Malaminta ya gaya mata abin da ya dace da ita." Ta ci gaba da sussukarta, can ta tsaya. "Uwarta ni na raka ta bakin mota, da ƙafata. Wannan ko sallama ba ta yi mini ba, don ta san zan riƙe zaninta. Tashi ka tafi, ɗana. Ba na son in faɗa maka abin da zan yi nadama."

Na nemi lambar waya wurin duk wanda ke da 'ya a Kumasi. Sau biyu aka kai mata waya, da ta ji muryata sai ta miƙa wa mai ita. Madam ta ce in bar Napari ta huce, ita dai ta sa sunanta cikin masu jarrabawa. Da aka yi hutun Ista na hau motar Kumasi.

Kwana biyu ina yawo a kasuwar Kejetia ina tambayar 'yan matan garuruwanmu masu dako. Rana ta uku da hantsi wata ta nuna mini layin masu tumatir. Na hango ta tana sauke wa wata mata kaya daga babban baho. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, ta fara jin Ashantanci har tana ciniki da shi. Da ta juyo ta gan ni, sai ta sa hannu ta gyara ɗankwalinta.

"Chicha. Sannu da zuwa. Ya mutanen gida?"

Na saya mana shinkafa da wake muka zauna a bakin wani shago. Na gaya mata abin da malamin dabbobi ya ce, na gaya mata zabuwarta na nan da rai. Na ce na yi kuskure, ta yafe mini, ta zo mu koma, saura wata biyu jarrabawa kuma sunanta na ciki.

Ta gama tauna abin da ke bakinta tukuna.

"Na san ba tawa ba ce, Chicha. Tun ran nan na sani. Kajin maƙwabtanmu sun fara mutuwa kafin zabin makaranta, na gidanmu kuwa ko ɗaya bai kwanta ba."

"To me ya sa kika taho?"

"Tun ina ƙarama mata ke cewa a bakin rijiya, wannan ma hanyar uwarta za ta bi. Ban taɓa damuwa ba. Nakan ce a raina, Chicha bai ce haka ba." Ta juya cokalin a cikin ledar. "Sai ga shi kai ma ka faɗa."

"Fushi ne, 'yata. Ba har zuciyata ba."

"Na yafe maka, wallahi. Amma ba zan iya sake tsayawa a filin nan ba. Kuma wata biyar ban buɗe littafi ba, kaina ya cika da farashin tumatir." Ta yi ɗan murmushi. "Su ƙawata Rakiya suna karatu dai? Ka matsa mata a lissafi, tsoronsa kawai take ji."

Na roƙe ta har na rasa abin faɗa. Na ce zan zauna da ita kullum bayan an tashi, na ce zan nemi gafararta a gaban makaranta duka. Tana saurare, tana kallon masu wucewa. Da na miƙe, ta riga ni ɗaukar jakata ta jefa a bahonta ta aza a ka.

"Napari, sauke. Don Allah sauke."

"Tashar da nisa, Chicha, kuma ba ka san hanya ba."

Haka na bi ta a baya cikin cunkoso, ina kallon jakata a kanta. A tasha na ciro kuɗi, ta mayar da hannunta baya. Wata mata ta ƙwala kiran mai dako daga can gefe, Napari ta ce mini in gaida Mma, ta ruga.

Na nemi gafarar a gaban makaranta duk da haka, ran da aka dawo daga hutu. Ranar jarrabawa kujerarta na nan da lambarta a manne, har aka gama. Rufin kuwa sai bayan shekara biyu aka yi shi, da kuɗin gyaɗar da muka noma a filin makaranta.

Sau ɗaya ta dawo Tuyili, shekara shida bayan haka, da Mma Sanatu ta rasu. Ta zo da goyo a baya da wani yaro riƙe da zaninta. Na je gaisuwa na zauna cikin maza a ƙofar gida. Da aka gaya mata ina nan, ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa yaron ya gaida malaminta. Na amsa, na yi mata ta'aziyya. Kwana uku ta yi ta koma Kumasi.