Rubutun Jikin Gora

Walida akwai tsantseni, wani lokacin har ya wuce gona da iri. Watanta uku a unguwar Sri Petaling, can ƙasar waje, tana digiri na biyu, zafin garin ya sa ta a gaba: ƙuraje a baki, maƙogwaro kamar ta haɗiyi barkono. Anti Yap, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Sin da ƙofarsu ke kallon juna, ta lura da ita. Washegari sai ga gora a rataye a ƙofar Walida, cike da baƙin ruwa mai ɗaci, an manna mata jar takarda mai rubutu guda ɗaya: 涼.

To, Walida a gidan da ake wanke allo a sha ta tashi, ta san ba a rubutu a jikin abin sha a banza. Ta nemi tsari, ta juye ruwan da zafinsa a tukunyar furen da ke baranda, ta mayar da gorar har da murmushi da godiya. Kullum gorar sai ta dawo cike, kwana tara Walida tana wannan aikin.

Ran na goma tsohuwar ta kira ta kicin. Ga goruna nan a jere, kowace da nata rubutun.

"Liang muke cewa," in ji Anti Yap, tana bin rubutun gorar Walida da yatsa. "Ɗigo ukun nan ruwa ne. Sanyi ke nan, irin na iskar bayan ruwan sama. Wanda zafi ya taru a jikinsa muke ba wa. Idona ya yi rauni, in ban rubuta da girma ba sai in ba ki maganin gwiwata."

Ta nuna mata ganyen da take dafawa. Awa uku take tsaye a kansa kullum. Tukunyar ma sabuwa ce, don Walida ta saye ta, ba ta taɓa ganin naman alade ba.

Kunya ta rufe Walida, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ƙyar ta ce, "Na gode, Anti. Ya yi min amfani sosai."

Tsohuwar ta dube ta, babu fushi a fuskarta. "Furen barandar nawa ne. Shekaranjiya ya mutu."

Ta tsiyaya a kofi, ta fara kurɓa da kanta don Walida ta gani, sannan ta miƙa mata. Walida ta karɓa da hannu biyu, ta shanye tas, ba ta iya ɗaga ido ba.